TARIHIN TABARAU MAI ƘIFTAWA: DAGA FAIFAN KWALI ZUWA FILIN ƘWALLON RAGA

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da yake da alaƙa da sikirin ɗin da kake karanta wannan rubutu a kansa.

Wataƙila ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan a Facebook ko TikTok: ɗan wasa sanye da wani baƙin tabarau, gilashin yana yin duhu yana washewa da sauri kamar ido na ƙiftawa, ana jefo masa ƙwallo yana tarewa. A ƙasan bidiyon sai a rubuta cewa wai wannan ne sirrin manyan 'yan wasan duniya. Daga nan wasu matasa sai su fara tambayar kuɗinsa, wasu kuma su shiga Play Store su sauke manhajar da ke sa tocilar waya walƙiya, su ce ai duk ɗaya ne. To kafin ka kashe kuɗinka ko ka wahalar da idonka, zauna ka ji inda abin ya samo asali, da abin da bincike ya gano a kan 'yan ƙwallon raga, wadda wasu ke ce wa bolibol.

ASALIN DABARAR

Dabarar ta girmi wayar hannu, ta girmi silima, ta girmi ma ƙwan lantarki. A shekarar 1832 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Joseph Plateau ya yanka faifan kwali, ya zana hotuna a jere a kansa, ya huda ƙananan tagogi a gefensa. In ka juya faifan a gaban madubi kana leƙe ta tagogin, sai ka ga hotunan suna motsi. A daidai wannan lokaci, ba tare da sun san da aikin juna ba, wani malami a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya mai suna Simon von Stampfer ya ƙera irin wannan faifai. Shi ne ya raɗa masa sunan da Turawa ke amfani da shi har yau, sitiroboskof, daga kalmomi biyu na Girkanci masu nufin juyawa da kallo.

Abin da mutanen nan biyu suka nuna shi ne: in aka yanka wa ido gani gunduwa-gunduwa, ƙwaƙwalwa da kanta take cike gurbin da ke tsakani. Ka riƙe wannan magana, don a kanta aka gina duk abin da zai biyo baya.

Shi dai Plateau har rana ya taɓa ƙura wa ido na kusan sakan 25 don gwaji. Daga baya, wajen shekarar 1843, ya makance gaba ɗaya, mutane da yawa kuma suka danganta makantar da wancan gwaji. Tun farkon tarihin ke nan ka ga wasa da ido yana da tsada.

Bayan kusan shekara 100, a 1931, wani injiniya a jami'ar MIT ta Amurka mai suna Harold Edgerton ya mayar da dabarar ta lantarki. Yana son ya ga yadda injin ke juyawa alhali yana cikin aiki, sai ya haɗa fitila mai walƙiya da sauri. In walƙiyar ta yi daidai da juyin injin, sai ka gan shi kamar a tsaye. Daga injina ya koma ɗaukar hoton 'yan wasa, masu buga tanis da golf da masu tsalle cikin ruwa, ana ganin kowane mataki na motsin hannunsu a hoto guda. Shi ne ya ɗauki shahararren hoton harsashi yana ratsa tuffa a 1964.

Kai ma ka sha ganin wannan abu ba ka san sunansa ba. Ɗauki bidiyon fanka tana gudu, za ka ga fukafukanta kamar sun tsaya ko suna komawa baya. Dalili shi ne kyamarar wayarka hoto take ɗauka ɗaya bayan ɗaya, galibi 30 a kowane sakan. Haka fitilar da tsofaffin makanikai ke haska injin mota da ita in za su saita taimin, jikar fitilar Edgerton ce.

ME YA KAWO ƘWALLON RAGA CIKIN MAGANAR?

An ƙirƙiro ƙwallon raga a 1895 a garin Holyoke na Amurka. Wanda ya ƙirƙiro ta, William Morgan, so ya yi ya samar wa manyan mutane wasa mai sauƙi, wanda babu gudu da ture-ture irin na ƙwallon kwando. Amma wasan bai tsaya a sauƙin ba. An kafa hukumarsa ta duniya a birnin Paris a 1947, ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964, yau kuma yana cikin wasannin da suka fi buƙatar saurin ido.

Bari mu yi ɗan lissafi ka gani. Filin mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi. Tsayin raga mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata. Ƙwararren ɗan wasa in ya yi tsalle ya make ƙwallo, gudunta yana haura kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 a sakan ɗaya. In kana tsaye mita 7 daga mai dukan, ƙwallon za ta iso ka cikin rubu'in sakan. Shi kuwa ɗan Adam, tsakanin idonsa ya ga abu da jikinsa ya fara motsi, yana cin kusan kashi 1 cikin 5 na sakan. Ka ga saura me? Kusan babu.

Shi ya sa mai tare ƙwallo da ya iya ba ya jiran ya ga inda ta nufa. Tun daga gudun mai duka, da juyin kafaɗarsa, da yadda ya buɗe hannu yake karanto inda za ta sauka. Wannan hasashe shi ne jarin ɗan ƙwallon raga, kuma shi masu tabarau mai ƙiftawa suka ce za su wasa.

DAGA FITILA ZUWA TABARAU

Da farko da fitila ake yi. Ana ba da labarin cewa Michael Jordan, gwanin ƙwallon kwandon nan, ya riƙa atisaye ƙarƙashin fitila mai walƙiya, don ya saba da hasken kyamarorin 'yan jarida da ke dukan idonsa a fili. Matsalar fitila ita ce sai a ɗaki mai duhu take aiki, ba za ka kai ta fili da rana ba.

Abin da ya warware matsalar yana cikin aljihunka. A 1888 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya gano wani sinadari da yake tsakanin ruwa da daskararren abu. Sai a shekarun 1960 zuwa 1970 injiniyoyi suka gano yadda za su sarrafa shi da wuta, aka samu sikirin na LCD, irin na kalkuleta da agogon Casio da yawancin ƙananan wayoyinmu. Mu masu gyara mun san cikinsa: gilashi biyu, ruwan a tsakiya, sai siririyar leda mai tace haske gaba da baya. In wuta ta shiga, ƙwayoyin ruwan su juya, haske ya wuce ko ya tsaya. Baƙin nan mai kama da tawada da ke yaɗuwa in sikirin ya fashe, to wurin da tsarin ya lalace ne.

To tabarau mai ƙiftawa sikirin ne irin wannan wanda babu hoto a cikinsa. Batir ne da ɗan ƙaramin bod, suna sa gilashin ya washe, ya yi duhu, ya sake washewa.

Wani likitan ido a jami'ar Pacific da ke jihar Oregon, Alan Reichow, yana cikin waɗanda suka daɗe suna aiki a kan wannan. Da shi kamfanin Nike ya haɗa kai ya fitar da tabarau mai suna Vapor Strobe a 2011, a kan kusan dala 300. Yana da mataki 8. A kowane mataki gilashin yana buɗewa na kashi 1 cikin 10 na sakan, lokacin rufewar ne ke ƙaruwa. A mataki na farko yana ƙiftawa kusan sau 6 a sakan. A na ƙarshe kuwa sau ɗaya ne, wato kashi 9 cikin 10 na kowane sakan kana cikin duhu. Daga baya Nike ta daina yin sa, wasu tsofaffin ma'aikatanta suka ci gaba da shi a kamfanin Senaptec.

Hikimar da suka kawo mai sauƙin ganewa ce. Kamar mai gudu ne da ke ɗaura nauyi a ƙafa lokacin atisaye, in ya kwance sai ya ji sakayau. Sun ce in ka saba tare ƙwallo da guntun gani, ranar da ka cire tabarau sai ka ga kamar ƙwallon ta rage gudu.

ME BINCIKE YA NUNA?

Nan ne ya kamata ka nutsu, don nan masu talla suke tsallakewa.

Binciken farko da ya yi suna an yi shi ne a jami'ar Duke ta Amurka, ƙarƙashin Greg Appelbaum da Stephen Mitroff, aka buga shi a 2011. Sun gano cewa waɗanda suka yi atisaye da tabarau sun fi saurin gane ƙaramin motsi a tsakiyar ganinsu. Amma a ganin gefen ido, da bin abubuwa da yawa masu motsi a lokaci guda, ba a ga bambanci ba. A 2012 sun sake nuna cewa riƙe abin da ido ya gani na ɗan lokaci ya ƙaru, kuma ƙarin ya kai washegari. Wani gwajin na shekarar, wanda aka yi atisayen 'yan mintoci kawai, ya nuna ƙarin iya hasashen lokaci nan take, amma bayan kwana 10 babu shi.

A 2013 suka gwada a kan ƙwararrun 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara na ƙungiyar Carolina Hurricanes, aka samu ƙarin kashi 18 cikin 100 a gwajin da aka yi musu. Wannan adadi shi ne ya fi yawo a tallace-tallace. Abin da ba a cika faɗa maka ba shi ne, mutum 11 ne kacal a gwajin, su kansu masu binciken sun kira shi gwajin share fage. Sannan kamfanin Nike, mai sayar da tabarau ɗin, yana cikin masu ɗaukar nauyin binciken na Duke. Wannan bai mayar da sakamakon ƙarya ba, amma mai hankali yana lura da wanda ya biya kuɗin aiki.

A ɓangaren ƙwallon raga, aikin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda Michał Zwierko da abokan aikinsa suka buga a 2023 daga ƙasar Polan. Sun ɗauki matasa 50, maza da mata, 'yan kimanin shekara 16, duk 'yan wasa ne da suka riga suka iya. Aka raba su gida biyu, atisaye iri ɗaya na mako 6, rabi da tabarau, rabi babu. Masu tabarau sun fi samun ci gaba wajen saurin amsa alama da sauya alƙibla da gudu. Wannan sakamako ne mai kyau. Sai dai ka lura da abu uku. Na farko, gwajin saurin amsawa aka auna, ba yawan wasannin da aka ci ba. Na biyu, yaran suna da koci, da fili mai kyau, da atisaye na yau da kullum, tabarau ƙari ne kawai a kan wannan. Na uku, babu yadda za a yi ka ɓoye wa mutum cewa shi ne aka sa wa na'ura mai tsada, kuma sanin hakan kaɗai yana iya sa shi ƙara himma.

A taƙaice, tabarau yana ɗan wasa idon wanda ya riga ya iya. Gishiri ne a miya, sai da miyar tukuna.

In kana son hujja daga tarihi, koma Tokyo 1964. Matan Japan da suka doke Tarayyar Sobiyet suka ɗauki zinare, yawancinsu ma'aikatan masaƙa ne. Sai sun tashi daga aiki suke shiga fili, kocinsu Hirofumi Daimatsu yana ta jefo musu ƙwallo har cikin dare. Da maimaici suka ƙware a salon nan na tare ƙwallo a mirgina a miƙe nan take. Lokacin ko kalkuleta mai LCD babu a duniya.

HAƊARIN TOCILAR WAYA

Yanzu mu zo kan manhajar walƙiya. Ɗan uwa, ka bar ta. Tabarau haske yake tarewa da rana tsaka. Tocila kuwa haske take harba maka cikin ido a cikin duhu, lokacin da ƙwayar idonka ta buɗe sosai. Hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Babban haɗarin shi ne farfaɗiya. Akwai wani kaso na masu wannan lalura da hasken walƙiya ke tayar musu da ita, musamman walƙiya tsakanin sau 3 zuwa sau 30 a sakan, kuma ta fi kama yara da matasa. Wani bai ma san yana da ita ba sai ranar da ya faɗi. Ranar 16 ga Disamba 1997 an nuna wani shiri na katun ɗin Pokémon a talabijin a Japan, mai walƙiyar ja da shuɗi na 'yan daƙiƙoƙi, aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti. Shi ya sa ƙa'idar masu tsara shafukan intanet ta ce kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a sakan. Su kansu masu yin tabarau suna gargaɗin mai farfaɗiya da kada ya sa. Ka tuna nisan da ke tsakanin ƙauyukanmu da babban asibiti a Katsina, da yadda hanya take in dare ya yi.

Akwai kuma abin da Bature bai rubuta a takardar gargaɗinsa ba. A Batsari da Safana, da halin da ake ciki na tsaro, haske mai walƙiya da dare a bayan gari yana iya tayar da hankalin unguwa guda, ko a ɗauke ka a matsayin mai ba wasu alama. Kada neman iya wasa ya jawo maka abin da ya fi ƙarfinka.

Batun kuɗi kuma, dala 300 a canjin da ya haura naira 1,000 ya wuce naira 300,000, ban da kuɗin kawowa. Wannan kuɗi zai saya wa ƙungiya guda raga da ƙwallaye da takalma. In kuma ka ga wani a intanet yana tallarsa da arha yana cewa ka fara turo kuɗi, ka san sauran zancen.

ABIN DA WAYARKA ZA TA IYA YI MAKA

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya fi dacewa da aljihunmu. A shekarun 1980 wani masani ɗan Ostireliya, Bruce Abernethy, ya riƙa nuna wa 'yan wasan badminton fim na abokin karawa, sai ya yanke fim ɗin daf da a bugi ƙwallo, ya ce su faɗi inda za ta sauka. Ya gano ƙwararru suna karanto amsar tun daga motsin hannu, sababbi kuwa sai daga baya suke ganewa. A wancan lokaci sai jami'a ke da kayan yin wannan. Yau Tecno ko Infinix ɗinka ta isa. Ga yadda za ka yi:

1. Da la'asar, lokacin da rana ke bayanka, ka tsaya daidai inda mai tare ƙwallo yake tsayawa. Riƙe wayar a kwance, daidai tsayin ido. Goge gilashin kyamara tukuna, musamman lokacin hunturu da ƙura.

2. Ɗauki bidiyon abokin wasanka yana sabis ko duka sau 20 zuwa 30, yana sauya wurin da yake aikawa: dama, hagu, tsakiya, gajere, dogo. Kada ya gaya maka tsarin. Ka nemi izininsa kafin ka ɗauka, kuma kada ka ɗora a intanet ba da saninsa ba.

3. In kyamararka tana da saitin hoto 60 a sakan, ko saitin tafiyar hawainiya, kunna shi. Za ka fi ganin juyin kafaɗa da wuyan hannu.

4. Ba wani ya riƙe wayar, ya tsayar da bidiyon daidai lokacin da hannu zai taɓa ƙwallo. Kai kuma ka faɗi inda za ta, nan take, ban da dogon tunani. Sannan a saki bidiyon a gani.

5. Rubuta nawa ka ci cikin 20. In ka fara cin yawanci, a riƙa tsayar da bidiyon da wuri kaɗan, tun hannu yana sama.

6. Washegari ka shiga fili ka nemi alamomin nan a jikin mutum na gaske. In ba ka kai shi fili ba, kallon bidiyo kawai ka yi.

Wannan hanya ba ta cin data ko kaɗan. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin Katsina daga watan Satumba na 2021 har tsawon watanni, mun san darajar abin da ke aiki ba tare da sabis ba.

Abu na ƙarshe: in kana yawan kuskuren ƙwallo, ko kana ganin ta dishi-dishi in magariba ta gabato, fara zuwa a auna maka ido a asibiti. Wani matsalarsa gilashin likita ne kawai, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na Nike ba.

In a makarantarku ko unguwarku ana buga ƙwallon raga, tura wa kocinku ko malamin wasanni wannan rubutu. Wanda ya gwada dabarar bidiyon ya zo ya gaya mana nawa ya ci cikin 20 a makon farko, nawa kuma a na huɗu. A darasi na gaba in Allah ya kai mu za mu ga yadda ake yanka bidiyo a waya, yadda zai riƙa tsayawa da kansa ba sai wani ya riƙe maka ba.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a yankinmu, amin.